Gidan da Hasken Kwamfuta Ya Gina Mini a Isa

Ba za ni taɓa mantawa da ranar da gwaggwannin Balkisu sunka zo awon ɗaki a Isa ba, ko da kuwa an yi wa kaina filashin kamar tsohuwar waya. Har yau in abin ya faɗo mini ina cin abinci, sai na ajiye cokali na yi salati. Bari in faro muku daga tushe, don in za ku yi mini dariya ku yi ta da hujja.

Ni a Sakkwato nike aiki, a wani ofishin masu zanen gine-gine. Ba ni ke zana gida ba, wannan aikin manya ne. Nawa shi ne in karɓi zanensu in maida shi hoto a kwamfuta, da fili da itatuwa da sama da rana, yadda mai kuɗi zai gani ya ji kamar ya cire takalmi ya shiga. (Innata, wadda ta haife ni, tana can Isa, har yau in anka tambaye ta sana'ata sai ta ce gyaran kwamfuta. Na bar ta a haka, ya fi sauƙi.)

Manhajar da munka daɗe muna aiki da ita tsohuwa ce tukuf. Haskenta kuwa, sai dai a ce Allah ya kyauta. Ba ta san safe ba, ba ta san yamma ba, abu ɗaya ta iya: ta dalle gida kamar an haska tocila a fuskar ɓarawo. Inuwa baƙa ƙirin, bakinta kamar an yanka da reza. Bangon da rana ba ta buga ba sai ya yi duhu bai ɗaya kamar an shafe shi da toka. Ciyawa kamar ledar tsakar ɗaki, sama kamar sabon bokitin roba. Itace kuwa, ka ɗauka an soka tsinke cikin malmalar tuwo an zuba miyar kuka. Amma a lokacin mu gani muke mun kai ƙarshen duniya.

To ina da fili a Isa, can gefen gari, rabona na gadon Baba. Ba komai cikinsa sai wani babban dogon yaro, sai geron da ƙanen Baba ke shukawa duk damina don kada wuri ya zauna banza. Ina kuma neman auren Balkisu, 'yar Sabon Birni, ɗiyar wani malami mai makarantar allo da Islamiyya. Wata rana soyayya ta ɗebe ni, na zana gidan da nike mafarkin gina mata a filin nan, ɗaki uku da falo da baranda, na fitar da shi da tsohuwar manhajarmu na tura mata. Ina jiran a ce mini masha Allah.

Saƙon murya ta turo. Rabinsa dariya.

"Wanga gidan na wa? Na katun ɗin yara? In nan za ka kai ni, to ka haɗo mini da kunnuwa da wutsiya cikin lefe."

Na yi dariya ni ma, ta saman baki. Amma abin ya zauna mini a ƙirji kamar ɗanyen rogo.

Sai ga shi bara Ogan ofishinmu ya sawo sabuwar manhaja. Jama'a, wannan ba tocila take kunnawa ba. Za ka gaya mata inda filinka yake a duniya, da wata, da lokaci, ita kuma ta ɗora rana daidai inda Allah ke ɗora ta. Haske ya bugi jar ƙasa, ya taso ya shafi gindin bango da ɗan ja-ja. Ya ratsa ganye ya zubo ƙasa ɗigo-ɗigo. Inuwa a gindin abu ta yi kauri, tana nisa tana laushi har ta narke. Abin da ke can nesa ya yi fari-fari kamar yadda ido ke ganinsa bayan ruwa ya ɗauke. Ranar farko da na gwada ta a kan wani masallaci da muke yi, sai da na leƙa taga in gani ko hasken waje ya kai na kwamfuta kyau. (Bai kai ba. Ko kuma ni ne na riga na haukace.)

Wa na tuna? Mai kunnuwa da wutsiya.

Na ɗauko tsohon zanen nan. Ina da hotunan dogon yaron filina a waya, na gina shi reshe-reshe, har karkatar da ya yi gabas. Na sa wa manhaja Isa, tsakiyar damina, la'asar sakaliya, don a lokacin garinmu ya fi kyau. Hoton farko ya fito tsaf, amma ido bai yarda ba. Can na gano matsalar: haske na gaskiya in ya faɗa kan abu mai tsabta ƙal, nan take asiri ke tonuwa. Sai na shiga zuba datti. Na sa tsatsa tana gangarowa ƙarƙashin indararo. Na sa inda ruwan sama ya fantsamo laka a gindin katanga. Buta a bakin baranda. Silifas biyu, ɗaya a kife. Akuya kwance a inuwa tana kallon banza. Na bar kwamfuta ta dafa hoton, abin da muke cewa renda, ta yi zafi har kana iya gasa masara a kanta.

Da ya fito, wallahi ni da na yi shi sai da na ji kamar in yi sallama.

Na ɗora a sitatus. Ban rubuta komai ba. (Wannan ita ce kariyar da na riƙe na tsawon lokaci: ai ni ban rubuta komai ba. Ku ajiye ta, za ku ga yadda ta amfane ni.) Saƙonni sunka fara shigowa. Allah ya sanya alheri. Allah ya sa a shiga lafiya. Allah ya tsare ka daga hassada. Ni kuma ina ta amsawa, amin, amin, na gode. To addu'a ce, ka taɓa ganin wanda anka yi wa addu'a ya ce a'a?

Sai ga kiran Balkisu. Ba dariya wannan karon.

"Tsaya. Wanga na gaske na, ko aikin kwamfutarka na?"

Ga ƙofa a buɗe, Allah ya ba ni dama. Kalma ɗaya ce. Amma shaiɗan ya dafa kafaɗata, na gyara murya na ce, "Ke dai kin san aikin kwamfuta. Buɗe hoton da kyau ki dubi inuwar can. Kwamfuta tana yin irin wannan?"

Ta shiga jan hoton tana dubawa. Ita dai abin da ta sani na kwamfuta shi ne wancan mai bokitin roba. Can na ji ta ce a hankali, "Har da buta." "Shi ya sa kullum kake cewa ba ka da kuɗi. Ashe abin da kake yi ke nan ka ɓoye mini."

Na ce a raina gobe za ni gaya mata. Bari dai ta kwana da shi, ni ma in rama dariyar da anka yi mini.

Kafin goben ta yi, hoto ya bar hannunta ya shiga guruf ɗin danginsu. Da safe lambar da ban sani ba ta kira. Gwaggo Kulu ce, yayar babanta, wadda in ta yi magana a gidan ko Malam sai ya gyara zama.

"Ɗana, ashe haka kake da zurfin ciki? Gida awa na ciyaman, ba ka hwaɗi ba? To madalla. Ni daman na ce musu yaronga ba shi da hayaniya amma shina da kai."

Wannan matar, tun da na fara zuwa gidansu ba ta taɓa amsa gaisuwata da fiye da "lahiya" ba. Yau ni ne mai kai. Ku gaya mini, a nan ne za ni ce mata Gwaggo akuyar ma ta ƙarya ce? Na ce, "Amin Gwaggo, addu'arku ce."

Daga nan gobe ta zama jibi, jibi ta zama bayan an sa rana, bayan an sa rana ta zama in na samu lokacin da ya dace. Kuma ba wanda ya je ya duba. Kun san yadda hanyar Sabon Birni zuwa Isa ta koma a shekarun nan, ba a bin ta don yawon ganin gida. 'Yan bindiga sun hana mutane noma da kasuwa, ni kuma sun tsare mini ƙaryata kyauta. (Allah ya yafe mini, har na ɗan ji daɗin hakan.)

Gaskiyar shirin kuwa ita ce: a gidanmu na gado za mu zauna, ciki da falo da Inna ta sa anka yi wa fenti da sabon siminti. Ita Inna ba ta da babbar waya, ba ta san wani sitatus ba, tana can tana murna da ɗakinta.

Kun dai san al'ada. In biki ya matso, dangin amarya mata kan zo su ga inda za a kai 'yarsu, su auna bango da taga, don gado da kujeru da labule su zo daidai. Aka aiko cewa suna tafe. Na baro Sakkwato na iso Isa da shirin cewa da sun zauna sun sha ruwa za ni yi bayani cikin natsuwa, irin na masu ilimi. Har na haddace jawabin a mota.

Su huɗu sunka zo, Gwaggo Kulu a gaba, da tef ɗin tela rataye a wuyanta kamar likita. Sun sha addu'a a hanya, sun iso lafiya, an ci an sha, an yi azahar, an taɓa hira har anka yi la'asar. Jawabina kuwa ko bismillarsa ban yi ba. Sai Inna ta tashi da fara'arta ta buɗe musu ciki da falo.

Gwaggo ta leƙa, ta gyaɗa kai. "Masha Allah, wanga ya yi na saukar baƙi. To a kai mu gidan, rana na yi."

Inna ta ce, "Wane gida?"

Gwaggo ta yi dariya, ta zaci wasan surukai ne. Ta zaro waya daga jaka ta miƙa mata. Inna ta riƙe wayar nesa da ido, ta matso da ita, ta sake nesantawa. Ta gane dogon yaron. Ta ɗago ta dube ni, idonta ya cika da ƙwalla.

"Kai. Gini kay yi a filin ubanka, ni da ke garin ban sani ba? Sai baƙi za su gaya mini?"

Kun ji fa. Matar da ta haife ni, tana zaune cikin garin, hasken kwamfuta ya ci ta da yaƙi. (Ba laifinta ba ne, tun da abubuwa sunka lalace ba ta ƙara taka gefen gari ba.) Yanzu ina da mata biyar: huɗu suna ganin ni gwarzo ne, ɗaya tana ganin ni maci amana ne, kuma duk a kan gidan da babu shi. Mai hankali a nan zai durƙusa ya faɗi gaskiya. Ni abin da ya fito daga bakina shi ne, "Makullin yana wurin magini, kuma ya tafi Turba."

"Ba komai," in ji Gwaggo, tana gyara mayafi. "Mu gani ko ta waje. Tagogi ai daga waje ma ana aunawa. Mu tai."

Munka fita. Ina gaba, suna biye, maƙwabta biyu sunka ji ana zancen sabon gida sunka saka hijabi sunka bi sahu. Ina tafiya ina kallon sama ina roƙon hadari. Duk makon nan ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, amma ranar nan sama wankakkiya tas, ko gajimaren kunya babu. Na yi tunanin in faɗi in suma. Na duba ƙasa, duk caɓi, ga shaddata sabuwa. Na fasa.

Munka iso.

Gero ya yi kyau bana, ba a magana. Ya fi ni tsawo, kore shar, iska na kaɗa shi. Ga dogon yaro tsaye da karkatarsa. Na tsaya. Su ma sunka tsaya, suna jiran in ce a bi ta nan.

"Ina munka nufa?" in ji Gwaggo.

Na ce, "Nan ne."

Gwaggo ta ɗaga waya sama, ta dubi hoto, ta dubi fili, ta dubi hoto. Ni kuma da ke tsaye bayanta, idona ya faɗa kan allon wayar, ya koma kan filin. Jama'a. Tsakiyar damina ce, la'asar sakaliya ce. Inuwar dogon yaron nan ta kwanta daidai inda ta kwanta a hoto, tsawonta ɗaya, karkatarta ɗaya, bakinta ya yi laushin nan. Hasken da ke ratsa ganye yana zuba ɗigo-ɗigo, ja-jan da ke tasowa daga ƙasa, komai. Wani daɗi ya taso mini tun daga yatsun ƙafa. Na manta inda nike, na manta da wa nike tare. Na dafa wayar na nuna da yatsa, da ƙarfi, ina washe baki:

"Gwaggo kin ga inuwar? Dubi nan, dubi can! Wallahi daidai! Ko taku ɗaya ba ta kuskure ba!"

Sai da na rufe baki na ji abin da na faɗa.

Gwaggo Kulu ta juyo a hankali. Ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Na gani, ɗana. Itace ya zo. Inuwa ta zo. Rana ma, Allah shi yi mata albarka, ta zo kan lokaci. Gidan na dai bai iso ba. Ko shi ma ya tafi Turba wurin magini?"

Ɗaya daga cikin maƙwabtan nan ta toshe baki da hijabi, kafaɗunta na rawa. Wata gwaggon ta ce, "To akuyar fa?" kamar ita ce babbar asarar. Inna kuwa ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdulillahi, ashe bai ɓoye mini komai ba," sannan ta tuna abin da hakan ke nufi, ta kama salati.

Gwaggo ta zare tef daga wuya tana naɗewa. "Mun biyo hanyar da maza ke tsoro, mun bar ɗiyanmu suna addu'a, don mu auna gero. Kuma ni na ƙirga tagogin falonka a hoto, na sa kafinta ya yi kujeru manya, irin na falon da ya amsa sunansa. An gama su, har an sa yadi. Ka gaya mini tsakanin wace kunyar gero da wace za a jera su."

A karon farko tun da abin ya fara, na yi shiru a inda ya dace.

Balkisu ta daina ɗaukar wayata. Saƙo ɗaya ta turo: "Na tambaye ka." Shi ke nan. Na rubuta bayani mai tsawo a kan yadda fasaha ta ci gaba, na karanta, na goge. Sai ga aike daga Malam, babanta, in zo Sabon Birni. Na shiga mota ina jin in ma anka tare mu a hanya, aƙalla za ni samu uzuri.

Na same shi a zaure bisa buzu. Ya karɓi wayata ya daɗe yana kallon hoton.

"Aiki ya yi kyau. Ka iya sana'arka," ya ce. Na fara jin sanyi. "Amma da kaz zo neman aure, na tambaye ka gida? Sallarka na tambaya, da abin da kake ci da shi. Uwarta a ɗakin laka na ajiye ta. Abin da nika son ji guda na: da yarinya ta tambaye ka gaskiya ko ba gaskiya ba, mi kac ce mata?"

Na ce, "Malam, ai ban ce na gaske ba ne. Tambaya na maida mata."

"To. Ashe kai ma malami na." Ya miƙo mini wayar. "Ni ban fasa ba ka ba, amma ba ni tilasta ta. Ga abin da za ka yi. Duk gidan da hotonga ya shiga cikin danginmu, za ka taka da ƙafarka, ka yi sallama, ka ce musu da bakinka ba ka da gida. In ka gama, ita ta yanke."

Ban san dangin Balkisu na da yawa haka ba sai ranar. Gida-gida, in durƙusa, in gaishe su, in ce, "Na zo ne in shaida muku ba ni da gida." Wasu su yi dariya har da hawaye, wasu su kira maƙwabta in maimaita. A wani gidan ma tun ina ƙofa anka ce, "Ga mai inuwa nan ya iso." A nan na ji ashe gidana ya girma a bakin mutane, ya zama bene, har da rijiyar burtsatse.

Ta ƙarshe ita ce kakarta, tsohuwa, ido ya yi rauni. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ta lalubo kunnena ta riƙe.

"Angona, ni daman ban ga hoton ba, ban ga komai ba. Amma na aika har Gatawa na ce jikata ta samu mai bene. Su kuma wa za ya je ya gaya musu?"

Na ce, "Kaka, a yi mini rai."

Ta saki kunnen tana dariya. "Tashi. Tun da nike, maza na zuwa gidanga suna faɗin abin da suke da shi. Kai na farko da ya zo faɗin abin da ba shi da shi."

Ina fitowa wayata ta yi ƙara. Balkisu. "An ce ka gama zagaye. Ka biyo ka ci abinci kafin motocin Isa su ƙare. Kuma ka sani, ni za ni zaɓi launin labule."

An ɗaura aure, an kawo amarya ciki da falon Inna. Kujerun Gwaggo Kulu sunka iso a bayan akori-kura. Sai da anka cire ƙyauren ɗaki kafin babbar ta shiga, ta cinye bango guda da rabin hanya, sauran biyun suna fuskantar juna gwiwa da gwiwa kamar masu sulhu. Na ce a mayar wa kafinta ya rage su, Gwaggo ta aiko cewa ko ƙusa ɗaya anka cire ba ta yafe ba.

Abin da na koya dai shi ne, ƙaryar da ka yi da haske ba ta da nauyi ko kaɗan, a waya take zaune. Amma kujerun da za a yi mata na katako ne, kuma ƙaurinka ne zai riƙa gaisawa da su duk safiya a hanyar alwala.